Kafin gangamin Oktoba: shin ƙananan asibitocinmu sun shirya wa binciken sankarar mama?

Malama Hadiza, ungozoma, Garwa

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe da iyayena da yayyena da ƙannena da ke wannan zaure. Ƙungiyar matan unguwarmu ta nemi in taimaka mata wajen shirya gangamin duba mama a watan Oktoba, watan da ake ware wa sankarar mama kowace shekara. Na amsa, amma na ce musu ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin mu yi shela mata su fito, ya kamata mu zagaya ƙananan asibitocin da ke kewaye da mu, wato waɗanda ake kira CSI da CMA a nan Kamaru, mu ga ko za su iya karɓar matan da za mu tura musu.

Ƙididdigar sankara ta duniya, wato GLOBOCAN, ta 2020 ta kiyasta cewa mata sama da 4,000 ne suka kamu da wannan cuta a Kamaru a shekarar, sama da 2,000 kuma suka rasu, kuma ita ce kan gaba a cikin dukkan nau'o'in sankara a ƙasar. Duk wanda ya yi aiki a asibiti a nan arewa ya san galibi sai ciwon ya yi nisa ake zuwa. Macen da ta ji ƙullutu a mamanta ba babban asibiti take fara nufa ba, cibiyar da take zuwa awon ciki take kai yaro rigakafi, nan take fara leƙawa. Saboda haka daga nan nake son mu fara aunawa.

Na ɗauki tsarin SARA, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar domin auna shirin asibitoci, na tsara tambayoyi a kansa: ko akwai ɗaki mai ƙofa ko labule, da gado, da isasshen haske, da ruwa da sabulu, da safar hannu, ko akwai ma'aikacin da aka koya wa duba mama da hannu, ko akwai rubutacciyar jagora, ko akwai takardar tura mara lafiya zuwa gaba. Ina roƙon ku dubi wannan ku faɗa mini abin da ya rage.

Malam Usmanu, shugaban wata cibiyar lafiya, yankin Gidar

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri. Zan faɗa miki gaskiya a matsayina na wanda za a kawo wa irin wannan takarda. Idan kika zo cibiyarmu da ita gobe, za mu ci maki mai yawa, domin muna da gado da labule da safar hannu, kuma akwai takardar turawa a cikin durowa. Duk da haka ba zan iya ɗaga hannu in ce mun shirya ba.

Ɗakin da za a duba mama shi ne ɗakin awon ciki, shi ne kuma ɗakin tsarin iyali. Ranar kasuwa, wadda ita ce ranar da matan ƙauyuka ke samun abin hawa, layi yakan kai bakin ƙofar shiga, mu kuma ma'aikatan ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Duba mama na tsanaki yana buƙatar a sa mace ta zauna a kalla, ta ɗaga hannu a sake kallo, ta kwanta a bi kowane sashe da yatsu, a lalubi hammata da saman ƙashin wuya ko akwai kaluluwa. Ba aikin minti ɗaya ba ne. Sa'an nan tambayar "ko akwai wanda aka koya wa" ba ta isa ba. A wurare da yawa mutum ɗaya ake aikawa horo, bayan shekara a yi masa canjin wurin aiki, takardar shaidar ta bi shi, amma idan aka tambayi cibiyar za a ce ai an horar da mu. Ki tambaya: wanda aka koya wa yana nan har yanzu? Yana bakin aiki yau? Yaushe rabonsa da duba mama? Wa ya taɓa tsayawa a kansa ya ga yadda hannunsa ke tafiya?

Abu na ƙarshe, a cibiyarmu ba mu da rajista ta musamman ta matsalolin mama. Ana rubuta su ne a cikin babbar rajistar marasa lafiya, tsakanin zazzaɓi da gudawa. Kuma aikin da ba a tambayarka lissafinsa a ƙarshen wata shi ne yake fara faɗuwa ranar da aiki ya yi yawa.

Dakta Aminatu, likitar mata, Gaundare

Malam Usmanu ya taɓo inda ciwon yake. Ina son in raba abubuwa biyu da muke yawan haɗawa, domin shirin da kowanne ke buƙata daban ne. Akwai gano cuta da wuri ga macen da ta riga ta ji wani abu: ƙullutu, ko jini yana fita daga kan nono, ko kan nonon ya shige ciki, ko fatar ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo. Akwai kuma tantance matan da ba su ji komai ba, a kira su bisa shekarunsu, a riƙa maimaitawa a kan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ba ƙasashen da tsarin lafiyarsu ke da rauni shawarar su fara ƙarfafa na farkon, domin ba hikima ba ce a nemo sababbin marasa lafiya alhali waɗanda suka kawo kansu ba su samu amsa ba.

A 2021 hukumar ta ƙaddamar da shirin duniya kan sankarar mama, da burin rage mace-mace da kashi 2.5 cikin 100 kowace shekara har zuwa 2040. Ta kafa ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike, har da hoto da gwajin tsoka, cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 su kammala magani ba tare da sun yanke a tsakiya ba. Ku lura cewa lissafin kwana 60 ɗin yana farawa ne daga ranar da ta zauna a gaban Malam Usmanu, ba daga ranar da ta iso wurina ba.

Saboda haka, Malama Hadiza, shawarata ita ce ki ƙara sashe na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi. A kowace cibiya a buɗe rajista, a nemo matan baya-bayan nan da suka zo da ƙorafin mama, a bi sawun kowace ɗaya. An duba ta da hannu ko magani kawai aka rubuta mata? An tura ta? Ina? Ta isa? An yi hoto? An ɗebi tsoka? Sakamako ya fito? Ya dawo cibiyar? Kwana nawa ne tsakanin ranar farko da ta ƙarshe? Cibiyar da ba ta iya amsa waɗannan ba, ko da labulenta sabo ne, ba ta shirya ba, kuma laifin sau da yawa ba nata ba ne ita kaɗai.

Hajiya Mairo, shugabar wata ƙungiyar mata, Marwa

Dakta, ina girmama iliminki, amma ki yi mini haƙuri, zuciyata ba ta kwanta da wannan magana ba. Idan sai komai ya kammala za mu kira mata, to yaushe za mu fara? Ni na ga abin da gangami yake yi. Na ga mace da ta ɓoye gyambo a ƙarƙashin mayafi, tana wanke shi da dare don kada kishiya ta ji wari, kuma ba abin da ya fito da ita sai ganin maƙwabtanta sun tafi dubawa rukuni guda, kunya ta ragu. Da mun zauna jiran rajista da takardu, da tana can a ɗaki. Ina tsoron kada wannan bincike ya zama dalilin da za a ce mana a dakata, shekara ta wuce, wata ta shigo.

Kuma ina da tambaya. Me ya sa ba za mu haɗa murya mu nemi a kawo na'urar mamogarafi, mai ɗaukar hoton mama, a kowane asibitin gunduma ba? Matan Faransa da ita ake duba su. Matan Marwa ba su fi su arha ba.

Dakta Aminatu

Hajiya, ba dakatarwa nake nufi ba, kuma matar da kika ambata hujja ce a gare ki. Abin da nake nufi shi ne a yi gangamin daidai da abin da hanyar da ke bayansa za ta iya ɗauka, kuma kafin a yi shela a san sunan asibitin da zai karɓi duk wadda aka samu da ƙullutu, da ranar da zai karɓe ta, da abin da za ta biya.

Akwai manyan bincike biyu da suka koya mana darasi a nan. A Shanghai ta ƙasar Sin an bi mata ma'aikatan masaƙu sama da 260,000, aka koya wa rabinsu duba mamansu da kansu. Sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna mace-mace ba su ragu ba, sai dai an ƙara yawan yankar ƙullutun da ba sankara ba. A Mumbai ta Indiya kuwa an bi mata sama da 150,000 tsawon shekara 20, inda mata ma'aikatan lafiya na matakin farko da aka horar suke duba mama da hannu duk bayan shekara biyu. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna an riƙa gano cutar tun ba ta yi nisa ba, kuma a cikin matan da suka kai shekara 50 zuwa sama mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan albishir ne a gare mu, domin hannu ne ya yi aikin, ba na'ura ba. Amma waɗannan ma'aikata ba su kaɗai suke ba, asibitin Tata Memorial yana bayansu, yana karɓar matan da suka tura.

Game da mamogarafi, ba na musun haƙƙin matanmu. Sai dai na'urar tana buƙatar wuta mai ɗorewa, da mai gyara, da likitan hoto da zai karanta, kuma ba ta gani sosai a maman mace mai ƙuruciya, alhali da yawa daga cikin masu cutar a Afirka ba su kai 50 ba. Abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne ekografi, wato na'urar sikanin, wadda asibitocin gunduma da dama suke da ita saboda masu ciki. Amma kan na'urar da ake duba ciki da shi, mai lanƙwasa, bai dace da mama ba. Ana buƙatar miƙaƙƙen kai mai ganin abin da ke kusa da fata. Malama Hadiza, ki sa wannan a cikin tambayoyin asibitin da ake turawa: akwai miƙaƙƙen kan, kuma akwai wanda ya iya duba mama da shi?

Alhaji Sale, ɗan kasuwa, Kusiri

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ku gafarce ni idan na yi kuskuren kalma. Yayata ce ta yi wannan ciwo, Allah ya jiƙanta, kuma ni na yi ɗawainiyarta.

Tana shayarwa ta ji abin. A wata ƙaramar cibiya aka ce mata ƙurjin nono ne irin na masu jego, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ta shanye, bai baje ba. Ta koma, aka canza mata wani. Ta sake komawa, aka ce ta bari sai ta yaye yaron. Duk wannan zuwa da take yi ba wanda ya ce mata ta wuce gaba. Da gida suka ga asibiti bai yi komai ba, sai aka kira wanzami ya yi sakiya, yana zaton ruwa zai fito, wurin kuwa ya buɗe ya ƙi rufewa. A lokacin ne labari ya iso gare ni. Mu mutanen Kusiri Injamena ta fi mana kusa da ko'ina, gada kawai za ka haye, alhali Marwa tafiya ce mai nisa a kan hanyar da kowa ya san halinta. Muka haye, aka ɗebi tsoka, muka yi ta jiran sakamako. Kafin a ce mu nufi Duwala domin gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, ciwon ya riga ya shiga ƙashin bayanta.

Abin da nake roƙo a sa a takardar shi ne wannan: shin ma'aikacin ya san lokacin da ya kamata ya daina ba da magani ya tura mace gaba? Da an tura ta tun zuwanta na biyu, Allah ne masani, amma da mun samu watanni. Sa'an nan a tambaya ko akwai wanda zai zaunar da miji ko ɗan'uwa ya faɗa masa dukkan kuɗin da ke gaba tun daga farko. Mu kaɗan-kaɗan muka riƙa jin kuɗin, kowane mataki da nasa, har muka sayar da abin da bai kamata a sayar da gaggawa ba.

Malama Hadiza

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya ba ku haƙuri, Alhaji. Maganarka ta shiga takardar. Ƙa'idar da muke koyarwa ita ce, kumburin maman mai shayarwa da bai sauka ba bayan an kammala magani zagaye ɗaya, cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai a tura, ba a jira yaye ba. Zan rubuta gajerun labarai irin wannan in karanta wa ma'aikaci, in tambaye shi me zai yi, maimakon in tambaye shi ko ya san alamomin sankara, wanda kowa zai ce ya sani.

Batun kuɗi kuwa yana da nauyi. Cakin lafiya na masu ciki, wanda aka fara a jihohinmu uku na arewa, ya nuna abin da sanin farashi ke yi: mace ta biya sefa 6,000 ta san awo da haihuwa har da tiyata sun shiga ciki, sai mata suka ƙara fitowa. Matakin farko na shirin lafiya ga kowa da aka ƙaddamar a Afrilun 2023 ya ɗauki wannan caki, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da wankin ƙoda, da tarin fuka da ƙanjamau, amma maganin sankara bai shiga ba. Don haka kuɗin hoto da gwajin tsoka da mota duk a kan iyali suke. Ƙaramin abin da cibiya za ta iya yi shi ne ta mallaki rubutaccen farashin matakan da ke gaba, ta nuna wa iyali.

Bashiru, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Garwa

Iyayena, ku ba ni dama in yi magana a kan sashen da ba a gani, wato abin da ke faruwa da tsoka bayan an ɗebe ta. Hannu ba ya tabbatar da sankara, hoto ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na ƙullutun mama ba sankara ba ne, kuma babu mai raba su sai likitan da ke duba tsoka a madubin ƙara girma. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne a ƙasar nan, kuma mafi yawansu suna Yawunde da Duwala.

Tsokar tana buƙatar shiga formol, ruwan da ke hana ta ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 a cikin awa ɗaya da cire ta, kuma ruwan ya ninka girmanta kamar sau goma. Idan ana son gwajin da ke nuna ko ciwon yana amsa homon (sinadaran jikin mace), wanda shi ke faɗa ko ƙwayar tamoksifen za ta yi wa mace amfani, to zamanta a formol ya kamata ya kasance tsakanin awa 6 zuwa 72. Yanzu ku auna wannan da abin da muke gani. Wani lokaci ana zuba tsokar a ruwan gishiri ko a barasar asibiti saboda formol ya ƙare. Wani lokaci ana miƙa wa ɗan'uwan mara lafiya kwalba a ce ya san yadda zai yi da ita, shi kuma ya ajiye ta a gida har ya haɗa kuɗin mota zuwa Gaundare da na jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Mafi muni shi ne a yanke ƙullutu a ɗakin tiyata a zubar, a ce wa mace an cire, ta tafi gida da murna, bayan watanni ya dawo ba wanda ya san ko mene ne.

Abin da ke damuna shi ne ƙasar nan ta iya jigilar samfuri idan ta sa kanta. Bayan gidan yaron da ake zargin shan-inna yana tashi daga ƙauye mai nisa ya isa ɗakin gwaje-gwaje na Centre Pasteur a Yawunde cikin sanyi, da lambarsa. Majinar masu tari da jinin masu ƙanjamau suna da masu babur da ke kai su. Ina ba da shawara a tambayi kowane asibitin gunduma: akwai formol yau? Akwai allurar ɗibar tsoka? Wa ke ɗaukar samfurin, a wace rana, kuma ta wace hanya sakamako ke dawowa?

Zainabu, ma'aikaciyar lafiya ta cikin al'umma, Mora

Ina gaishe da manya. Ni gida-gida nake shiga, don haka zan faɗi abin da mata ke faɗa mini a tsakar gida. Na farko, mace da yawa ba za ta buɗe ƙirjinta ga namiji ba, ko da a bayan labule ne, kuma a cibiyoyin karkara sau da yawa maza ne ke bakin aiki. A tambaya ko akwai mace a ranakun da mata ke zuwa, kuma wane harshe take ji. A nan akwai mai Mandaranci, da mai Barbarci, da mai Larabcin Shuwa, da mai Fillanci, kuma ba kowace mace za ta yarda ɗanta ya yi mata tafinta a kan mamanta ba.

Na biyu, akwai maganar da ta zauna a zukatan mutane cewa daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe, wai da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya watsu. Suna faɗin haka ne domin waɗanda suka gani an yi wa aiki sun je a makare, suka rasu bayan aikin. Idan ma'aikaci bai san yadda zai amsa wannan cikin natsuwa ba, mace za ta karɓi takardar turawa ta gode, ta wuce wurin mai magani. Na uku, lambar wayar da ake rubutawa a rajista galibi ta miji ce, kuma ba kowace mace ce ta gaya masa ba. A tambaye ta wa take so a kira. A wasu sassan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga kuma rashin tsaro ya rufe cibiyoyi ya tarwatsa mutane, kuma ambaliyar 2024 ta nuna yadda hanya ke yankewa a Mayo-Danay da Logone-et-Chari. A rubuta nisan asibitin turawa na rani daban, na damina daban.

Malam Abubakar, limami, Garwa

Allah ya yi muku albarka. Abin da 'yata Zainabu ta faɗa game da maza ya shafe mu. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani, kuma malamai sun halatta buɗe al'aura gwargwadon larura domin magani. Idan kun tsayar da cibiyoyin da suka shirya da ranakun da mace ke duba mata, ku kawo mana sunayensu, mu faɗa wa magidanta bayan sallah cewa izini da kuɗin mota suna cikin haƙƙin iyali a kansu. Amma ku ba mu wurin da in an je za a samu, domin idan muka tura mutane suka dawo hannu rabbana, karo na biyu ba za su saurare mu ba.

Malam Usmanu

Allah ya gafarta Malam, wannan sharaɗi naka daidai ne. Ina da damuwa biyu game da yadda za a yi amfani da sakamakon. Ta farko, kada a tara maki a raba a ce cibiya kaza ta samu kashi kaza cikin 100. Cibiya za ta iya cika tambaya tara cikin goma, ta goman kuwa ita ce babu inda za ta tura mace, kuma wannan ɗayar ta rushe sauran. A ware tambayoyin da in babu su ba a ce an shirya ba: mace mai horo tana nan, ɗaki mai sutura, sanannen asibitin turawa da ya yarda zai karɓa, da hanyar sanin abin da ya faru da wadda aka tura. Ta biyu, idan shugabannin cibiyoyi suka ji cewa takardar za ta zama sandar dukansu, za a share ɗaki a aro labule ranar da za ku zo, ku tafi da amsoshi masu kyau marasa amfani. Ku nemi izinin shugaban gundumar lafiya tun farko, ku bayyana cewa gyara ake nema, kuma kada a fitar da sunan mara lafiya daga rajista.

Hajiya Mairo

Na karanta duka, kuma labarin Alhaji ya girgiza ni. Na yarda a yi binciken, amma ina nan a kan cewa kada Oktoba ta wuce shiru. Ko cibiya biyu ce kawai ta cika sharuɗɗan Malam Usmanu a Marwa, mu yi gangamin a kansu. A sauran unguwanni kuma mu shiga gidajen suna da makarantun Islamiyya na matan aure mu faɗi alamomin, mu faɗi inda za a je. Ƙungiyarmu tana da asusun adashi, zan kai maganar a ware wani abu domin kuɗin mota da gwajin tsoka ga wadda ba ta da hali. Dakta, ina son ki faɗa mini ko wannan ya saɓa wa abin da kike nufi.

Dakta Aminatu

Bai saɓa ba, Hajiya, shi ne ainihin abin. Ƙari ɗaya kawai: kowace cibiya da za ta shiga ta naɗa mutum ɗaya da sunansa, wanda aikinsa shi ne riƙe jerin matan da aka tura, ya kira bayan mako biyu ya ji ko sun isa, kamar yadda shirin ƙanjamau ke bin waɗanda suka daina zuwa karɓar magani. Ku sa katin wayarsa a cikin lissafin asusun. Ni kuma zan yi magana da abokan aikina a nan mu ware rana ɗaya a mako domin matan da aka turo da ƙullutu, a yi musu hoto da ɗibar tsoka a zuwa ɗaya, saboda wadda ta taso daga Tibati ko Meiganga ba ta da halin zuwa sau uku.

Malama Hadiza

Na gode muku baki ɗaya. Zan sake rubuta takardar a wannan mako da Faransanci domin ofishin gunduma, in fassara tambayoyin da za a yi wa mata zuwa Hausa da Fillanci. Zainabu, ina neman taimakonki da Larabcin Shuwa da Barbarci. Bashiru, ka turo mini tambayoyin ɗakin gwaji yadda kake son su fito. Ina buƙatar cibiya ɗaya da za a fara gwada takardar a cikinta kafin a kai ta sauran wurare.

Malam Usmanu

Ki fara da tamu, Malama, da zarar izinin gunduma ya fito. Ki zo ranar kasuwa, kada ki sanar da ni makon da za ki zo, kuma ki taho da mace ɗaya daga ƙungiyarku da za ta zauna a layi tare da matan ta ji abin da suke faɗa. Ni kuma daga gobe zan ja layi a bayan rajistarmu in buɗe shafi na matsalolin mama, da gurbin ranar zuwa, da ranar turawa, da lambar da matar ta zaɓa a kira, da ranar da sakamako ya dawo.